Kwana a Daji da Doki: Jagora ga Mahayan Bauchi da Gombe

Yawancin dawakin da ke bargunanmu hanya uku suka sani: daga turke zuwa filin idi, daga turke zuwa ƙofar fada ranar hawa, sai kilisar yamma a bayan gari idan yaron barga ya ga dama. Sauran watannin shekara doki yana tsaye yana cin dawa da harawa, yana tara kitse. Mai shi ya dube shi ya ga gashi na sheƙi, wuya ya cika, sai ya ɗauka ƙarfi ne. Da wannan zato na fara fita da nawa akawal, mako biyu bayan babbar sallah, da sirdin hawa da jalala da komai, muka nufi wani daji a yammacin Bauchi da niyyar kwana biyu. Kafin azahar ta ranar farko bayansa ya saɓule a wuri biyu, ya ƙi cin abinci. Washegari da ƙafa na dawo ina jan sa. Tsohon da ke kula mana da barga tun zamanin mahaifina ya ɗaga zubka, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ya duba mikin, bai ce komai ba sai da ya gama wanke shi, sannan ya ce, "Alhaji, kai ne ka yi shirin tafiya, shi ba ka shirya shi ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Sai da dokin ya yi wata guda ba a ɗora masa sirdi ba.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne, wannan tafiya ta doki ce. Ruwansa, bayansa da ƙafarsa su ne ke yanke inda za a je, da lokacin da za a tashi, da nisan da za a yi. Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki.

Mataki na farko: lokaci da wuri

Ka fita tsakanin ƙarshen Nuwamba da Fabrairu. A lokacin an kawar da amfanin gona, ba za ka yi wa kowa ɓarna ba, rafuka sun ja baya, ƙwari masu cizo sun ragu, harawa kuma tana da araha. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan haura digiri 40 a Gombe da gabashin Bauchi, ba lokacin wahalar da dabba ba ne. Damina kuwa laka ce da kaska da ciyawa mai tsawo wadda ke ɓoye ramuka da macizai.

Da an ce daji a Bauchi, zuciyar kowa Yankari take tafiya, to bari in fara cire maka ita daga lissafi. Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, an keɓe ta tun 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma doka ta hana shigar da dabbobin gida cikinta. Ko da ba doka, akwai ƙudan tsando a kurmin da ke bin kogin Gaji, shi ne ke ɗauke da cutar sammore, kuma doki ba ya jure ta. Ga giwaye da ɓauna, waɗanda warinsu kaɗai ya isa ya sa ingarma ya tsinke igiya. Yankari wurin zuwa ne da mota, a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki a dawo. Haka Sumu da ke Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006. Jakin dawa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar dawaki ta Afirka ba tare da ta kayar da shi ba, don haka ban ga dalilin kai doki ya kwana a maƙwabtakarsa ba.

Abin da ya dace da kai shi ne gefen daji mai ƙauye a kusa: wurin da mota za ta iya isa, akwai rijiya ko rafi, akwai mutanen da suka san kowane kwari. A Bauchi akwai irin wannan a kewayen dam ɗin Gubi, da gindin Dutsen Zaranda, da ƙauyukan da ke ƙarƙashin duwatsun Dass. A Gombe akwai wajen gandun dajin Kanawa a Yamaltu-Deba, da ƙasar da ke tsakanin Dadin Kowa da Dutsen Bima, da tuddan Tula a Kaltungo ga wanda dokinsa ya saba da dutse. Idan bakin ruwan Dadin Kowa ka zaɓa, ka san akwai dorina, kuma da dare take fitowa kiwo. A kafa sansani nesa da gaɓa, kada a tare mata hanyar komawa ruwa.

Sai maganar da ba a son faɗa amma dole a faɗe ta. A 'yan shekarun nan an sha samun masu garkuwa da mutane a manyan dazuzzuka, musamman cikin Lame-Burra da kuma dajin kudancin Alkaleri wajen iyaka da Filato da Taraba. Wurin da yake lafiya bara ba lalle ne ya zama lafiya bana ba. Labarin da za ka dogara da shi shi ne na wannan makon, daga bakin mutanen wurin.

Mataki na biyu: ka je da ƙafarka kafin ka je da doki

Mako ɗaya ko biyu kafin tafiyar, ka hau mota ko babur ka je. Ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, da ɗan goronka. Ka faɗi ko kai wane ne, ku nawa ne, dawaki nawa, kwana nawa. Na taɓa tsayawa gaban wani dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu kwana a gindin dutsen can da dawakinmu." Ya ce, "To madalla, amma ba can ba. Can mahaɗar shanu ce, kaska za ta cinye muku dabbobi. Zan sa a nuna muku inda ya fi." Wannan magana ɗaya ta fi duk abin da na gani a taswirar waya.

Idan wurin gandun gwamnati ne, ka nemi malamin daji ko ofishin kula da gandun daji na ƙaramar hukuma, ka karɓi izini a rubuce in da hali. Ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da shugaban 'yan banga, don baƙi a kan dawaki da wuta a daji cikin dare abin zargi ne ga wanda bai san da zuwansu ba. Ka roƙi dagaci ya haɗa ka da mafarauci ɗaya daga mutanen sarkin baka ya zama ja-gora, ku yi tsadar ladansa tun kafin ranar. Idan akwai ruga a kusa, ka je ka gai da arɗo. Shi ya fi kowa sanin wane tafki ne bai ƙafe ba, da wace fadama ce ke da tsando.

A wannan zuwan ne za ka duba ruwa da idonka, ka gwada inda waya ke kamawa, ka kuma tambayi asibiti mafi kusa da lambar likitan dabbobi ko malamin dabbobi na yankin.

Mataki na uku: shirya dokin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Dokin turke yana buƙatar mako shida. Makonni biyun farko tafiya ce zalla, rabin awa zuwa minti arba'in da biyar, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Mako na uku da na huɗu a kai awa ɗaya da rabi, ana sa sassarfa ta minti biyar-biyar a tsakani, ana neman hawa da gangara. A biyun ƙarshe, sau ɗaya a mako a yi doguwar fita ta awa uku da ainihin sirdin da kayan da za a yi tafiyar da su. Sukuwa ba ta cikin wannan shiri ko kaɗan. Abin da ake nema shi ne jijiya ta yi ƙwari, fatar baya ta saba da sirdi, kofato ya taurara.

A cikin waɗannan makonni ka nuna masa abin da zai gamu da shi: garken shanu, karnukan ƙauye, babur a siririyar hanya, ledar da iska ke kaɗawa, tanti, hasken tocila. Ka tsallaka da shi ƙaramin rafi. Dokin da bai firgita da kalangu da ƙarar bindigogin gargajiya ranar hawa ba yana iya zabura saboda fakara ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Ka kira likitan dabbobi wata guda kafin tafiya. A ba shi maganin tsutsar ciki, a duba haƙora, a yi masa allurar rigakafin tetanus, domin doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa kuma ƙaya ɗaya a kofato ta isa. Ka tambaye shi batun rigakafin cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro girma ba ke yaɗawa da magariba da asuba. A gyara kofato mako biyu kafin ranar, ba ana gobe tafiya ba. Dawakinmu akasari ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma a ƙasa mai yashi hakan ba laifi, amma tsakuwar duwatsun Bauchi tana cin kofato. Idan hanyarku dutse ce, ku rage nisa.

Ka san lafiyayyen dokinka da lamba. Zafin jikinsa yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Bugun zuciya a hutu 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Ka auna safiya uku a jere a gida ka rubuta, don ranar da ka yi shakka a daji ka samu abin gwadawa.

Mataki na huɗu: sirdi da kaya

Kayan ado su zauna a gida. Sirdin hawa da manyan likkafu an yi su ne don awa biyu a gaban jama'a, ba don wuni a kan hanya ba. Ka nemi sirdi marar nauyi, na gida ko irin na 'yan folo, wanda idan ka zauna yatsunka biyu ko uku za su shiga tsakaninsa da ƙashin dokin wuya. Zubka ta zama mai kauri, wankakka, busasshiya, ka kuma riƙe ta biyu don canji. Ƙwayar ƙarangiya ɗaya a ƙarƙashinta ta isa ta ɓata tafiyar. Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, ya zama mai faɗi da laushi. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, an yi shi ne don tsayar da doki cak a zamiya. Wuni guda da shi a baki azaba ce, don haka ka sa mai sauƙi, ka bar ragama a ƙarƙashinsa da igiyarta.

Ƙa'idar nauyi ita ce kada abin da ke bayan doki, kai da sirdi da kaya, ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Dokinmu na gida mai kilo 350 ke nan zai ɗauki kilo 70. Ka ga mutum babba da sirdinsa sun riga sun cinye lissafin. Saboda haka tanti, tabarma, tukunya, abinci da ruwa duk mota ce za ta kai su sansani, ko jaki daga ƙauyen. A jikin sirdi ba abin da zai hau sai gorar ruwa, igiya da 'yar jakar magani.

Abincin doki ka taho da shi daga gida, wanda ya saba ci. Canjin abinci farat ɗaya shi ne babban abin da ke jawo ciwon ciki. Doki yana cin kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo bakwai ga mai kilo 350, kuma mafi yawansa ya zama harawa da busasshiyar ciyawa, hatsi da dusa su zama ƙari. Kada ka yarda a ba shi abincin kaji ko na kiwon shanu na buhu, wasunsu suna da sinadarin monensin wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe doki. Ka riƙe gishiri da kanwa.

Ruwa kuwa ka yi masa lissafin lita 40 ga kowane doki a rana. Dawaki uku, kwana biyu, lita 240 ke nan, jarka goma ta lita 25 za su isa har a samu ɗan saura. Idan akwai rijiya a kusa ka rage, amma ka taho da jarka biyu na ruwan gida, saboda wani dokin yakan ƙi baƙon ruwa a ranar farko. In ya ƙi, a gauraya masa da na gida, ko a barbaɗa dusa a kai. Kowane doki da bokitinsa, kada a shayar da shi a kwamin da kowace dabba ke sa baki.

A jakar magani a samu ma'aunin zafi, aidin, auduga, bandeji, almakashi, ɗan ƙarfen sakace kofato da man shafawa na korar ƙuda wanda likita ya ce ya dace da doki. A nan akwai kuskuren da ke kashe dawaki: maganin kaska na shanu mai sinadarin amitraz, wanda ke cike a kasuwanninmu, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Ka karanta jikin kwalba kafin ka fesa komai. Naka kayan kuma: hular kwano, takalmi mai rufi da dunduniya don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa, tocila biyu, adda, gidan sauro, bargo mai kauri, batirin cajin waya. Wayar a aljihunka take zama, ba a jakar sirdi ba. In doki ya kayar da kai ya gudu, da ita zai tafi.

Mataki na biyar: kai dawaki da kafa sansani

Idan da mota za a kai su, a zuba yashi da ƙaiƙayi a ƙasan motar don kada su zame, a sa katako tsakanin ingarma da ingarma, a loda su daga tudu ko gefen kwalbati maimakon a tilasta musu tsalle. A tashi da asuba, direba ya bi a hankali a kwana da birki. Ranar isowa ba ranar hawa ba ce. A sauke su, a zaga da su a hannu, a ba su ruwa da harawa. Ku isa kafin la'asar don ku kafa komai da hasken rana.

Wurin sansani ya zama ɗan tudu mai iska, aƙalla taku ɗari biyu daga ruwa, domin a bakin ruwa ne sauro da ƙwarin nan suke, kuma nan ne dabbobi ke zuwa sha. Kada ka kafa a kan burtali ko makwantar shanu. Inuwar marke, maɗaci, ɗorawa ko tsamiya duk suna da kyau, ko da yake wasu abokan tafiyar ba za su yarda su kwana a gindin tsamiya ba, kuma ba na jayayya da su. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai amya ko zuma a kogon itacen, musamman kuka. Ka nisanci suri, tarin duwatsu da ruɓaɓɓen kututture. A share ciyawa da ƙaya har ƙasa ta fito fili.

Kafin a ɗaure doki, ka sa ja-gora ya zaga da kai ya nuna maka tsirrai masu dafi. Samberu da tururubi makiyaya sun san su sarai, na biyun yana saurin tsirowa kore shar a inda wuta ta ci, daidai lokacin da babu wani ɗanyen abu. 'Ya'yan zurma da zaƙami sukan fito a kufai da tsohon juji. Gyauron dawa a gonar da aka girbe shi ma yana da dafi. Dokin da ya ƙoshi da harawa bai cika kula su ba, mai yunwa ne ke ci.

Ɗauri iri biyu ne. Na farko wanda dokinmu ya sani, wato turke da igiya a ƙafa. In da shi ya saba, ka taho da turakunka ka kafa su sosai, igiyar ƙafar ta zama mai laushi. Na biyu shi ne a ja igiya mai kauri tsakanin itatuwa biyu, sama da kan doki, a naɗa buhu a jikin itacen don kada ta ci ɓawonsa, sannan a ɗaura igiyar ragama a jikinta da tsawon da hancinsa zai taɓa ƙasa kawai. In ta fi haka zai sa ƙafa ya harɗe. Amfanin wannan shi ne doki yana iya juyawa ya kwanta. Amma a gida ake koya masa, ba a daren farko a daji ba, haka ma dabaibayi da talala. Kowane iri ka zaɓa, ƙullin ya zama wanda fizga ɗaya ke warware shi, kada a zarga igiya a wuya, kada kuma a taɓa ɗaure doki da linzami. Tunda dawakinmu kusan duk ingarmu ne, a bar tazarar da ko sun juya baya ƙafa ba za ta kai ga ɗan'uwa ba, taku shida ko fiye. In akwai goɗiya a tafiyar, gara a bar ta gida.

Wuta a haƙa mata ɗan rami, a kewaye da duwatsu, a share taku biyar ta kowane gefe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to a sa wutar ta yadda tartsatsi ba zai nufi harawa, tanti ko busasshiyar ciyawa ba. Busasshen itacen da ya faɗi ake tsinta, ba a sara ɗanye.

Mataki na shida: a kan hanya

A ba da hatsi awa ɗaya ko fiye kafin hawa. A goge baya da ciki, a sakace kofato, a ɗaura sirdi. A tashi bayan sallar asuba da gari ya waye. Minti goma sha biyar na farko tafiya ce, sannan a tsaya a ƙara jan majayi. Doki yana cin kusan kilomita shida a awa da tafiya, ninkin haka da sassarfa. A ranar farko kilomita 15 zuwa 20, zuwa da dawowa, sun isa. Ku dawo inuwa kafin sha ɗaya, in akwai sauran sha'awa a sake ɗan fita bayan la'asar. Af, irin wannan nisa bai kai na ƙasaru ba, wanda a mazhabarmu ya kai kusan kilomita 80, sai dai in nisan da kuka yi daga gida ne ya kai.

Ja-gora a gaba, gogaggen mahayi a baya, sabon hannu a tsakiya. Tsakanin doki da doki a bar tsawon doki biyu. Ba mai yin sukuwa ya wuce 'yan'uwa, domin doki ɗaya in ya zabura saura ma binsa za su yi. Kowace awa a sauka minti goma, a sassauta majayi, a duba kofato. A hawan tudu ka karkata gaba ka sakar masa kamazuru, wato igiyar linzami, a gangara tafiya kawai, in ta yi tsanani ka sauka ka ja shi. A ƙasar da aka ƙone ka kula da ramukan gafiya da kututturen da toka ta rufe.

Duk inda kuka samu ruwa mai kyau ku bar shi ya sha. Maganar da ake yi cewa dokin da ya yi gumi ba ya shan ruwa ta jawo wa dawaki da yawa wahala. A ba shi rabin bokiti, a zaga da shi kaɗan, a ƙara masa har ya ƙoshi. Don gane ƙishirwa ta yi yawa, ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki: in ba ta koma nan take ba, da matsala. Ka danna dasashinsa da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Idan bayan hutun minti goma sha biyar bugun zuciya bai sauko ƙasa da 60 ba, tafiyar ranar ta ƙare.

Wajen tsallaka rafi, a bi mashigin da shanu ke bi, ja-gora ya fara gwada ƙasan da sanda. Yashin da ya yi sumul a bakin ruwa yakan zurma. In doki ya fara tonon ruwa da ƙafa, kwanciya yake shirin yi, ka ɗaga kansa ka tura shi gaba. In kun haɗu da garke ku tsaya gefe, ku yi sallama, ku bar makiyayi ya wuce da dabbobinsa. Lambun rani da gonar rogo a zagaye su ko da hanyar za ta ƙaru.

Mataki na bakwai: dare

Da an sauke sirdi, ka shafa bayan da tafin hannu kana neman kumburi, zafi ko inda gashi ya murje. In ka samu, gobe ba hawa. A wanke gumi tun da sauran rana don ya bushe kafin sanyi ya sauko, a duba ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne da tsakanin cinyoyi a cire kaska. Ruwa da harawa tukuna, hatsi bayan awa ɗaya, da cokali ɗaya ko biyu na gishiri a cikin dusa. A shafa maganin ƙuda kafin magariba. Daren Disamba da Janairu yana da sanyi ƙwarai a gindin duwatsu, a yafa masa bargo ko buhu.

A raba gadi, awa biyu-biyu, kada a bar dawaki ba ido. Mai gadi ya lura da alamun ciwon ciki: doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, ko bai yi kashi ba tun rana. A ɗauke abinci, a zaga da shi a hankali, a kira likita a waya nan take. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo da ƙarfi ta baki ko ta hanci, yakan wuce huhu ya zama ajalinsa.

Mutane kuma su kula da ƙasa. Wannan yanki ƙasar kububuwa ce, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, shi ya sa aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo. Ba mai taka ƙasa da dare ba takalmi ba tocila, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a mota zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa jini yake hana daskarewa kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna. Don haka ne motar ke kwana a sansani da mai a tankinta.

Mataki na takwas: tashi da bayan dawowa

A kashe wuta da ruwa, a tona tokar a ƙara ruwa har hannu ya iya taɓawa. A kwashe kowace leda da gwangwani, shanun mutane ne za su haɗiye su. Kashin dawaki a baza shi ko a tara wa mai gonar kusa, zai yi murna. A cire turaku a cike ramukan. Sannan a koma ƙofar dagaci a yi godiya da sallama, a sallami ja-gora da abin da aka yi alkawari da ɗan ƙari.

A gida doki ya huta kwana biyu ko uku, ana zagawa da shi a hannu, a rage masa hatsi tunda ba aiki. In da hali a ware shi daga sauran dawakin barga. Har mako uku ka riƙa auna zafinsa kowace safiya, saboda sammore da cututtukan kaska ba sa nunawa a ranar da aka ɗauke su. Zafi sama da digiri 38.5, kasala, ƙin abinci, kumburin ƙafafu ko ƙasan ciki, kumburi a ramin da ke saman ido, fitsari mai duhu, ko dasashi ya yi fari ko rawaya, kowanne ka gani ka kira likita a ranar, ka faɗa masa dajin da kuka kwana da ranar da kuka dawo, ya ɗebi jini a gwada kafin a fara kowace allura.